Amsa ga mai tambaya kan kai yara Ƙofar Gamji

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa za ku shigo Kaduna daga Zariya a hutun makaranta, ke da maigida da yara huɗu da surukarki, kina so ki san ko wurin shaƙatawa na Gamji da ke bakin Kogin Kaduna ya dace a kai iyali, kuma ko yara za su iya ɗan wasan ruwa. A Kabala na tashi, har yanzu can nake kai nawa idan gida ya ishe su.

Wurin ya dace, ku je. Amma maganar wasan ruwa ki cire ta daga ranki tun daga gida, ki kuma cire ta daga ran yaran kafin ku shiga mota. A kan wannan zan fi tsayawa, domin na ga wasu a nan suna ce miki da rani ruwan bai wuce gwiwa ba.

Da farko dai hanya. Idan kun wuce gadar Kawo kun shigo gari, ku nemi Independence Way, ta wajen Kwalejin 'Yan Sanda ake gangarawa. In kun rikice ku tsayar da kowane mai Keke ku ce Ƙofar Gamji. A hukumance sunan Janar Hassan Usman Katsina wurin yake ɗauke da shi, wato ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo wanda ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966 bayan kisan Sardauna, amma a bakin mutanen gari Gamji ne kawai.

Abin da ake zuwa nema a can inuwa ce da iska da fili. Manyan bishiyoyi ne tsofaffi, ga kogi a gefe. Yaron da ya saba da tsakar gidan haya, idan ya samu inda zai yi gudu ba wanda ke ce masa "kai, mota!", ya gama samun abin da ya zo nema. Shawarata kada ki yi musu alkawarin lilo kaza ko dabba kaza tun daga gida. Kayan wasa a kowane wurin shaƙatawa yau suna aiki ne gobe ana gyara, kuma kin san yaro da alkawari. Ki ce za a je cin abinci a gindin bishiya a kalli kogi, duk abin da aka tarar bayan haka ƙari ne. Ku riƙo ƙwallo da igiyar tsallake.

Yanzu kogin. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya ratsa garin nan, ya gangara Shiroro da Zungeru, ya je ya haɗu da Kwara a ƙasar Nufe. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne ruwan da ke gabanki ba na saman Kaduna ba ne kaɗai. Ana iya kwana biyu ba a ga ɗigo a gari ba, amma an tafka ruwa can sama, sai ki ga kogi ya ƙaru ya yi ja yana tafe da rassan itace. A Agusta da Satumba abin ya fi tsanani, lokacin ne yake haurowa gidajen mutane a irin su Kigo Road da sassan da ke bakin gaɓa. Gaɓar ma kanta a lokacin ta jiƙe, tana iya zaftarewa da mutum yana tsaye yana ɗaukar hoto. In hutun dogon zango kike nufi, ku je, amma ku yi shimfiɗa can nesa da gaɓa.

Ni kuwa ruwan rani ya fi ba ni tsoro, domin shi ne mai yaudara. Wajen Maris da Afrilu ruwa ya janye, duwatsu sun fito, rairayi ya kwanta, za ki hango 'yan unguwa suna tsalle suna faɗawa, naki su fara ja miki mayafi. Waɗancan yaran sun san inda rami yake, kuma su ma ba kullum suke tsira ba. Masu haƙar yashi suna aiki a kogin nan shekara da shekaru, inda suka ɗiba yakan bar rami mai zurfi, taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye babba. Duwatsun kuma gansakuka ta lulluɓe su, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa.

Sai abin da ba a gani da ido, wato tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi take girma, a ruwan da ya kwanta ko yake tafiya a hankali, irin kududdufan da kogi ke bari da rani. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga, tsoma ƙafa ma ya isa. Sai bayan makonni ko watanni a ga yaro yana fitsari da jini a ƙarshensa, an ma manta da zancen kogi. Da can a ƙauyuka har ɗauka ake alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce mai lahanta mafitsara idan aka bar ta. Tana da magani a asibiti, amma me zai kai mutum? Wannan ba laifin wurin shaƙatawa ba ne, haka rafuka da madatsun ruwa da yawa suke a ƙasar nan, har da na wajenku.

Dabarar da muke yi idan mun je da yara da yawa: kowane babba a ba shi yaransa da suna. "Kowa ya sa ido" shi ne ba wanda ya sa ido, musamman da an buɗe kula an fara zuba abinci, ko iyaye maza sun tashi salla. Kada kuma a ɗora wa 'yar shekara goma rainon ƙaninta a bakin ruwa, ita ma wasan take so. Idan mai kwalekwale ya yi muku tayin zagaye, ku tambayi rigar kariya ta kowa da kowa har ta yara, in babu a yi masa godiya.

Lokacin da na fi so shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. Hutun Disamba ma lafiya lau, sai dai a sa wa yara rigar sanyi da man leɓe, mai asma kuma a riƙo masa abin shaƙarsa. Ku isa da hantsi ku zaɓi inuwa, ko ku bari sai bayan azahar, amma ku tattara kafin magariba saboda sauro. Ranar salla da kashegarinta kuwa, tunda da tsohuwa za ku, ban ba ki shawara ba. Cunkoson samari da 'yammata ne da kiɗa, yaro na iya ɓacewa a ƙiftawar ido. Ranar aiki da safe ta fi, ko Asabar kafin rana ta take.

Kada ku fito ba ku nuna wa yara gadar Gwamna Lugga (Lugard) ba. 'Yar ƙaramar gadar ƙarfe ce ta masu tafiya a ƙasa, an gina ta a Zungeru a 1904, lokacin can ne hedikwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa, kafin su dawo da ita Kaduna a 1917. Daga baya aka kwance gadar aka kawo ta nan, kuma tun 1956 tana cikin kayan tarihin da gwamnati ta keɓe. Babban ɗana da ya gan ta cewa ya yi "wannan ce duka?", gaskiyarsa kuwa, ba ta da wani girma. Amma idan kika ce masa ta girmi Najeriya kanta, tunda sai 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, sai ki ga ya koma yana shafa ƙarfen. A Zungerun nan kuma a wannan shekara ta 1904 aka haifi Azikiwe, in akwai mai jarrabawar tarihi a cikinsu.

Guzuri: babbar tabarma, darduma, buta, da ruwan sha fiye da yadda kike zato. Hajiya a riƙo mata kujerar roba ko matashi, zaman ƙasa na awanni ba na gwiwar manya ba ne, a kuma zauna inda ba nisa da mota. Abinci ki yi wanda ba ya saurin lalacewa, dambun shinkafa ko waina da ƙuli ko soyayyar doya. Zoɓo ya fi kunun aya jure rana, shi kunun aya in ba a cikin ƙanƙara yake ba kafin la'asar ya yi tsami. Ki riƙe kuɗi a hannu, canji ƙanana, don kuɗin shiga da 'yan saye-sayen yara, kada ki dogara da tiransifa. Ki sa leda babba ta shara, abin da aka yar a gaɓa cikin kogin yake ƙarewa.

Idan kun fito da sauran rana, gidan tarihi na kan titin Ali Akilu a hanyarku ta komawa yake, Gidan Arewa ma da ke titin Rabah ba nisa, inda Sardauna ya zauna. Sai dai ku kama hanyar Zariya da ido, kada dare ya yi muku. Allah ya kawo ku lafiya, a gaida Hajiya.