Kafin Jirgi Ya Ɗaga: Amsoshi Kan Takardun Shigo da Kaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, Kano, kuma na sayi kwantena ɗaya ta fankoki masu caji daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Kamfanin da ya sayar mini ya turo mini daftarin takardar lodin jirgin ruwa, wato bil-of-ladin, ya ce in amince cikin kwana biyu. Na lura an yanke kalmar ƙarshe ta sunan kamfanina, sannan an rubuta katan 620 alhali takardar jerin kaya ta ce 602. Abokina ya ce in ƙyale, ejan, wato wakilin da zai fitar mini da kayan daga tasha, zai daidaita komai a Legas. In amince, ko in sa a gyara ko da zan rasa jirgin wannan makon?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka amince da daftarin nan sai an gyara shi. Muddin jirgi bai ɗaga ba, gyaran bai wuce saƙo ɗaya da za ka aika a sauya layi biyu ba. Da zarar ya ɗaga, kamfanin jirgin zai shigar da abin da ke cikin takardar a manifas, wato jerin kayan da jirgin ya ɗauko, wanda yake miƙa wa hukumar kwastam, kuma daga nan gyara ya zama sai wanda ya yi lodin ya nema tun daga can, a biya kuɗi, a jira sahalewar kwastam. A duk tsawon jiran nan kuɗi iri biyu ne ke hawa kanka kullum bayan ƙarewar kwanakin rangwame: damurej na kamfanin jirgi saboda riƙe masa kwantena, da kuɗin ajiya na masu kula da tashar saboda filin da ta tsare. Dukansu suna ƙara tsada gwargwadon daɗewar kaya, kuma babu ruwansu da wanda ya yi kuskuren.

Batun suna shi ne ya fi haɗari, domin kamfanin jirgi ba ya sakin kaya sai ga wanda sunansa yake a gurbin mai karɓa, kuma sunan da ke kan Fom M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta hannun banki, shi ne wanda ke haɗe da lambar harajinka ta TIN. Idan takarda ɗaya ta saɓa wa sauran, banki yana iya ƙin tura su don a fitar maka da PAAR, rahoton tantance kaya da kwastam ke bayarwa da kanta tun Disambar 2013, wanda ba a fara maganar fito sai da shi.

Shi kuwa 620 da 602, da gani hannun mai buga takarda ne ya juya lambobi, amma jami'in da zai buɗe kwantena a tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas ba zai yi maka wannan uzurin ba. Kada ma ka ɗauka cewa 602 ne daidai don kawai shi ka fara gani. Ka nemi hotunan ranar lodi, musamman na ƙofar kwantenar a rufe, inda za ka ga lambarta mai haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, da kuma lambar makullin hatimin da aka datse ta da shi, ka gwada su da abin da ke cikin daftarin.

Yadda na fi so a yi wannan aiki shi ne a buga takardun a kan farar takarda, domin allon waya yana ɓoye kuskure. Ka shimfiɗa Fom M da inbois (takardar farashin kaya) da takardar jerin kaya da daftarin bil-of-ladin da shaidar ingancin kaya ta SONCAP a kan tebur, tunda fanka kayan lantarki ce da ke ƙarƙashin sa idon SON, hukumar kula da ingancin kaya. Ka sa yaronka na shago ya riƙa karanta ɗaya da ƙarfi, harafi bayan harafi, kai kuma kana bin sauran da yatsa: suna da adireshi, bayanin kaya, yawan katan, nauyi, tashar sauka, da lambar Fom M wadda ya kamata ta fito a jikin takardun lodi. Mutum biyu suna kama abin da idon mutum ɗaya ya saba tsallakewa.

Ba na zaton za ka rasa jirgin, domin irin wannan gyara ba ya cin yini. Sai dai ka tuna cewa ƙasar Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai, wato lokacin da kake buɗe shago da ƙarfe goma su suna shirin tashi daga ofis. Ka tura gyaran bayan sallar isha'i, su tarar da shi da safe. Idan ma jirgin ya wuce, mako ɗaya a sito a Gwanzu ya fi sauƙi a kan aljihunka bisa ga mako ɗaya a tashar Legas.

Tambaya: Ina sayar da mayukan shafawa da sabulai a Kaduna, kuma wannan ne karo na farko da zan shigo da su da kaina daga Turkiyya. Ejan biyu sun ba ni farashin fito, na biyun ya yi ƙasa sosai, ya ce yana da lambar da zai shigar da kayan a ƙarƙashinta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, araha ba ta ado, kuma wannan arahar da sunanki za a yi ta. Lambar da yake nufi ita ce ta HS, tsarin da ƙasashen duniya ke rarraba kaya da shi. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, jadawalin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS kuma ya cika su zuwa goma, ya kasa kaya gida biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan da aka gama sarrafawa don sayar wa jama'a suna can sama, kayan masana'anta suna ƙasa, don haka mai yiwuwa dabararsa ita ce ya kira man shafawarki ɗanyen sinadari.

Ranar da aka buɗe katan aka ga kwalabe da tambari, za a ba ki takardar cikon kuɗin fito, wadda mutanen tasha ke kira DN, ƙila har da tara, kaya kuma suna zaune suna cin damurej. Ko sun fita daga tashar, 'yan sintirin kwastam na hanyar Legas zuwa Arewa suna iya tsayar da motar su gwada takarda da kaya. Doka ba za ta ƙyale mai sunan da ke kan Fom M ba don kawai ejan ne ya shigar da lambar.

Ki ce kowannensu ya rubuto miki lambar da zai yi amfani da ita, ya warware farashinsa dalla-dalla: kuɗin fito, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, da ladansa. Ki nemi ganin lasisinsa na kwastam, ki kuma riƙe rasiɗin biyan fito na banki mai ɗauke da sunan kamfaninki. Amma tun kafin zaɓen ejan, ki je ofishin NAFDAC, domin kayan shafa suna ƙarƙashinta, kuma takardunta ana kammala su ne kafin a yi lodi.

Tambaya: Daga Maraɗi nake, kayana za su sauka a tashar Lome ta ƙasar Togo. Me zan fi dubawa?

Amsa: Malam, ka tabbatar an rubuta a jikin bil-of-ladin cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar, domin in babu wannan jimlar ana iya ɗaukarsu a matsayin kayan da za a sayar a Togo, sai an gyara manifas kafin su motsa. Ka kuma sa wanda zai yi maka lodi ya ciro takardar bin sawun kaya ta BSC tun daga tashar da jirgin zai taso, ka duba cewa lambar bil-of-ladin da ta kwantenar da ke jikinta su ne ainihin naka.