La'asar Ta Yi, Alhaji, Ka Karɓi Haƙƙinka Ka Fita Ta Ƙofa

Wani dattijo ɗan shekara 59 ya rubuto mini daga Jidda. Shekararsa 19 yana tuƙa babbar mota a wani kamfanin kayan gini, albashinsa riyal 2,000. Kamfanin ya durƙushe, wata bakwai ba a biya shi ba, iƙamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, ta mutu ba a sabunta ba, ga ciwon suga. Wani mu'aƙƙib, wato ɗan tsakiya mai bin takardu a ofisoshin gwamnati, ɗan garinsu, ya ce ya kawo riyal 9,000 a mayar da shi ƙarƙashin wani kafili, wato ubangidan da iƙama ke ƙarƙashin sunansa, da zai bar shi ya yi aikin kansa, ya riƙa ba shi wani abu duk wata. Sharaɗin shi ne ya ba da fasfonsa da lambar sirrin Absher, manhajar gwamnati ta harkokin iƙama da biza, kuma ya sa hannu a takardar muhalasa, wato ta shaidar ba ya bin komai, ga tsohon kamfanin. Ƙannensa uku a gida sun ce kada ya kuskura ya dawo, ginin gidan gado bai kammala ba, akwai auren 'ya'yansu a gaba, kuma "mutum ba ya barin ƙasa mai tsarki ya dawo zaman banza". Ya rufe wasiƙar da cewa: "Ba na barci. Ina son gida amma ina jin kunyar dawowa hannu rabbana. Na daina yarda da ɗan Adam. In babu mai baƙalar unguwarmu, wato kantin kayan abinci, ɗan Bangaladesh, da yake ba ni bashi bai taɓa rubutawa ba, da tuni yunwa ta kashe ni."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya yaye wannan damuwa.

Kafin komai, don Allah kada ka sa hannu a wannan muhalasa. Ko mu'aƙƙibin ya zo da rantsuwa da Alƙur'ani a hammata, kada ka sa. Kai ka san abin da takardar take nufi, shaida ce cewa ka karɓi dukan haƙƙinka, ba ka bin kamfanin ko sisin kwabo. To zauna mu lissafa abin da ake so ka yafe. Sashe na 84 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ba ma'aikaci ladan ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara da ta biyo baya. Shekara biyar ɗinka na farko riyal 5,000 ke nan. Sauran 14 ɗin riyal 28,000. Jimla 33,000. Tunda ka haura shekara goma, ko da kai ne ka ajiye aikin da kanka, cikakke za a ba ka. Ka ɗora albashin wata bakwai, riyal 14,000. Riyal 47,000 kake bi, ban da kuɗin hutun da ba ka ci ba. Wannan mutumin yana so ka ba shi 9,000 daga aljihunka don ya taimaka maka ka zubar da 47,000. Ka tambayi kanka wa zai ci ribar sa hannun nan, sai ka gane a wane gefe yake tsaye. Ni ban yi mamaki ba in yana karɓa ta hannu biyu, naka da na kamfanin.

Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Akwai wani tela da aka mayar ƙarƙashin kafilin takarda, wato wata mu'assasa da ba ta da shago ba ta da aiki, sunanta kawai ke cikin kwamfuta. Shekara guda yana biyan kuɗin wata, ranar da ya yi jinkiri kafilin ya kai rahoton cewa ya gudu daga aiki. Bai san an yi masa wannan rahoton na hurub ba sai da jami'an tsaro suka tsayar da shi a hanya, ya ƙare a tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, da kayan jikinsa, kekunan ɗinkinsa uku suka zama na wasu. Akwai kuma wanda ya ba da lambar sirrinsa da lambobin da ake turowa a waya, aka yanki layukan waya da sunansa, aka yi abin da aka yi da su, shi aka nema. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A duka biyun mu'aƙƙibin namu ne, da Hausa ya yi musu magana, har da "ai mu 'yan gida ne". Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Kuma abin da yake sayar maka haramun ne a dokar ƙasar. Sashe na 39 ya hana ma'aikaci ya yi wa wanda ba kafilinsa ba aiki, ko ya yi aikin kansa. Hukuncinsa tara ne da tsarewa da kora, zanen yatsanka ya shiga kundin waɗanda aka fitar, ƙofar dawowa aiki ta rufe. Shekara 19 ka yi da takardunka a tsafta. Kamen 2013 ya zo ya wuce bai taɓa ka ba, afuwar 2017 da aka yi wa masu zaman da ba izini ba ka buƙace ta ba. Yanzu da furfura za ka biya kuɗi ka sayi laifi?

Rashin sabunta iƙamar ba laifinka ba ne. Sashe na 40 ya ɗora wa mai aiki kuɗin iƙama da na lasisin aiki da tarar jinkirinsu, har da tikitin komawarka gida bayan ƙarewar aiki. Kai direban kamfani ne, ba direban gida ba, don haka sauye-sauyen da suka fara aiki a watan Maris na 2021 sun shafe ka. Wanda aka yi wata uku a jere ba a biya shi ba, ko iƙamarsa ta mutu ba a sabunta ba, yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar kafilinsa ba, sabon kamfanin ya turo tayi ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, shi ya amince da hannunsa. Na faɗa maka wannan ne don ka san cewa ko naƙal kafalar, wato sauya kafili, ma ba ta buƙatar ɗan tsakiya mai riyal 9,000. Amma ni ba ita nake ba ka shawara ba.

Shawarata ka shigar da ƙara a ma'aikatar ƙwadago, sashen sulhu da suke kira taswiya wuddiyya. Suna da kwana 21 na aiki su sasanta ku, in abin ya faskara su tura kotun ƙwadago, kuma ma'aikacin da ke neman haƙƙin aikinsa ba ya biyan kuɗin kotu. Ka kira 19911 su nuna maka yadda za ka shigar da ita da mataccen iƙama, ka kuma duba ko an riga an kai rahoton rashin zuwanka aiki. Ka tara kwantiraginka da takardar banki mai nuna watan da albashi ya tsaya. Ka hanzarta, domin kotu ba ta karɓar irin wannan ƙara idan wata 12 ya wuce da ƙarewar alaƙar aiki, sai da uzuri karɓaɓɓe. Ba zan yi maka alkawarin za ka karɓi kuɗin duka ba, kamfanin da ya durƙushe ba ya amai da sauƙi, amma doka ta sa haƙƙin ma'aikaci a sahun farko na basussukan da za a biya. Ka je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda su san da zamanka da halin da kake ciki. Fasfonka ya kwana a jakarka. Kada ka yarda a buga maka huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, kafin a yanke hukunci ko a rubuta sulhu a gaban hukuma.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya hana ka barci, don ni na san ba iƙamar ba ce kaɗai.

Alhaji, ƙannenka ba su yi maka adalci ba, kuma ba zan lulluɓe maganar ba. Shekara 19 kana tura kuɗi. Ka aurar, ka yi suna, ka biya asibiti, ka sayi taki. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, riyal ɗinka ya ƙara nauyi a hannunsu, tunda shi a ɗaure yake da dala, sai buƙatu suka ƙara yawa maimakon su ragu. A cikin wasiƙarka ban ga inda ɗayansu ya tambaye ka yaya sugan ba. Ban ga wanda ya ce, Yaya, wata bakwai ba albashi, me kake ci? Ƙaraminsu ya haura arba'in. Allah da kansa ya ambaci shekara arba'in a Suratul Ahƙafi a matsayin cikar ƙarfin mutum da hankalinsa. Mai shekara arba'in da ƙafa biyu da gona, in ya rasa kuɗin kayan ɗakin 'yarsa, shi zai nemo, ko ya yi auren daidai ƙarfinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka fara da waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka. Matarka da ta yi kusan shekara ashirin tana ganinka wata ɗaya ko biyu a bayan shekara biyu, ita ce a wuyanka. Autarka da ta girma da muryarka a waya, ita ce a wuyanka. Rufin gidan gado kuwa na ku huɗu ne.

Zumunci wajibi ne, ban ce ka yanke shi ba. Amma mun ɓata shi, mun mayar da wanda ya fita waje saniyar tatsa, in nono ya ƙafe a ce ta yi butulci. Ina ganin wannan a Makka, ina gani a Madina, tsofaffi masu shekara saba'in suna gadi ko suna tura keken guragu a Harami, a gida ana ce musu Alhaji mai riyal, su kuwa a ɗakin mutum shida suke kwana. Maganar "ƙasa mai tsarki" da suka kawo maka, su tambayi kansu ko tsarkin ƙasar ne ya dame su ko saƙon banki. Ka yi hajji, ka yi umara ba adadi. Sallar da za ka yi a masallacin unguwarku da kwanciyar rai, Allahn da ke karɓa a Jidda shi ke karɓa a can.

Ka kira su ukun a waya ɗaya, kada ka bi su ɗai-ɗai, kada kuma ka aika saƙon murya da za a yi ta yawo da shi. Ka ce musu aiki ya ƙare, jiki ya gaji, ina hanya, abin da zan zo da shi na magani ne da jarin zama. Ba izini kake nema ba, kai ne babba. Za a yi fushi, wataƙila wani ya daina gaishe ka na ɗan lokaci. Ka haƙura da wannan. Kuma in kuɗin sun fito, kada ka faɗi adadinsu ga kowa sai matarka.

Batun kunya kuwa, ka karanta aya ta 54 a Suratur Rum. Allah ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi bayan rauni, sannan ya mayar da rauni da furfura bayan ƙarfi. Tsarin ke nan, ba wanda ya tsallake shi. Hantsinka ka kashe shi a hanya, azaharinka ka kashe shi a kan titin Jidda zuwa Yanbu da siminti a bayanka. Yanzu la'asar ta yi. Mai neman ya yi aikin hantsi da la'asar shi ne ke kwana yana juyi, domin jiki yana faɗa masa gaskiya, mutane suna faɗa masa akasinta. Hadisi ya zo cewa shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne ke wucewa. Ba tsoratar da kai nake ba, Allah ya ja kwana. Ina so ne ka dubi abin da ya saura da idon mai shi, ka raba shi yadda kake so a tambaye ka a kansa. Sugan nan yana son abinci a kan lokaci da mai lura da ƙafarka. Wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, Annabi ya ce kamar an tattara masa duniya ne. Cikin ukun nan, wanne kake da shi a Jidda yau?

Ka ce ka daina yarda da ɗan Adam, amma a layi na gaba ka ƙaryata kanka. Mutumin da ba ƙabilarku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, sai guntun Larabcin kasuwa da kuke haɗuwa a kansa, wata bakwai yana miƙo maka shinkafa da burodi bai buɗe littafi ba. Shi ma ɗan ci-rani ne, shi ma akwai masu jiran saƙonsa a ƙauyensu, wataƙila shi ma akwai ƙannen da ke matsa masa. Ya dube ka ya ga kansa nan da shekara goma. Na daɗe ina lura cewa a zaman ci-rani alheri ya fi fitowa daga inda ba a sa rai ba. Lokacin da aka rushe Sabil da Karantina da Gulel a 2021 da 2022, mutane nawa ne maƙwabci Bayamane ko Basudane ya ɗauke musu kaya a motarsa, ya ajiye musu yara har suka sami ɗaki? Mutum uku sun ba ka kunya, na huɗu yana son ya cuce ka, shi ya sa idonka ya rufe. Ka ƙirga sauran. Na tabbata in ka zauna bayan sallar asuba ka jero waɗanda suka yi maka alheri tun ranar da ka sauka filin jirgi, yatsunka ba za su isa ba.

Tunda shi bai rubuta ba, kai ka rubuta. Yau ɗin nan ka sayi ɗan littafi ka zauna da shi ku ƙiyasta abin da ka ci, ka sa kwanan wata, ka nemi mutum biyu su shaida, don ko ta Allah ta kasance a san bashin. In haƙƙinka ya fito, shi za ka fara biya kafin ka sayi tsarabar kowa. In ya ƙi karɓa, ka tambaye shi lambar da yake tura wa iyalinsa kuɗi.

Mu'aƙƙibin kuwa ba sai ka yi faɗa da shi ba. Ka ce masa ka fasa, in kuma ka riga ka ba shi wata lamba ta Absher, ka canza ta kafin ka kwanta. Ka sake rubuto mini bayan zaman sulhu na farko ka faɗa mini abin da wakilin kamfanin ya ce, musamman in sun kawo tayin biyan rabi, don akwai yadda ake amsa shi. Ka gaishe mini da mai baƙala.