Tsakanin "ak" da "keby": Hausa ta riga ta raba gardama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Zariya, ina shekarar farko ta karatun likita a birnin Koshitse na ƙasar Sulobakiya. Da Turanci ake koyar da mu, amma an ce da mun fara shiga wurin marasa lafiya sai da yaren ƙasar, wato Sulobak. Wata huɗu ke nan ina koyo ni kaɗai a waya bayan sallar isha'i. Gaisuwa da ƙirge da cefane duk na iya, amma da na zo kan jimlar sharaɗi sai na cije. Yau in ga "ak", gobe "keby", ga wani ɗan mitsitsin "by" da ya ƙi zama wuri ɗaya. Ran nan ma na ce wa mai sayar da burodi "chcel by som chlieb", wato "ina son burodi", sai ta yi murmushi. Me na ɓata?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Bari in fara wanke mai burodi, ba raini ba ne. Abin da kika faɗa daidai yake, amma a bakin namiji. Ke "chcela by som chlieb" za ki ce. A Hausa namiji da mace duk "na so" suke cewa, sai a "ka" da "ki", ko "ya" da "ta" muke rarrabewa. Su kuwa a irin wannan siga har mai magana sai ya nuna jinsinsa a wutsiyar aikatau: namiji chcel, mace chcela, jama'a chceli. Darussan waya kuma galibi misalin namiji suke fara kawowa, kin haddace shi yadda kika gan shi.

Sauran matsalar, ina zargin ta Turanci kike bi. Ki daina. Hausar da kika sha a nono ta fi kusa.

Duba waɗannan biyu. "Idan na samu lokaci, zan zo." "Da ina da lokaci, da na zo." Ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya koya miki bambancinsu, amma kin san ta farko ƙofa a buɗe take, abin yana iya faruwa, ta biyu kuwa buri ne ko nadama. To, "idan" ɗinmu shi ne ak, "da ... da" ɗinmu kuma shi ne keby ... by. Ta farko: Ak budem mať čas, prídem. Ta biyu, a bakinki ke mace: Keby som mala čas, prišla by som. Kin ga yadda muke maimaita "da" a ɓangare na biyu? Su ma haka, by ɗin da ke manne a cikin keby shi ne ya sake fitowa bayan waƙafi. Shi ya sa ba a cewa "keby by som". Tamkar ki ce "da da ina da lokaci" ne.

Ginin ba shi da wuya. Ki ɗauko aikatau a sigarsa ta abin da ya wuce, ki sa by, ki biyo da alamar mai yi: som ni, si kai ko ke, sme mu, ste ku. Shi, ita da su ba su da alama, by kawai.

Amma kada ki saki jiki, akwai wuri biyu da Hausa za ta yaudare ki. Mu muna cewa "idan na samu", kamar abin ya riga ya faru, alhali gobe muke nufi. Su kuwa in sharaɗin na gaba ne, sigar gaba suke sawa bayan ak: budem mať, wato "zan samu". A kunnenmu "idan zan samu lokaci" yana da ɗan nauyi, a nasu shi ne daidai. Na biyu kuma, "idan" ɗinmu yana ɗaukar kaya biyu. In kika ce wa ƙawarki "idan na isa gida zan kira ki", ai ba shakkar isa gidan kike yi ba, lokacin kike nufi. Wannan a wurinsu keď ne: Keď prídem domov, zavolám ti. In kika sa ak a nan, sai ta ɗauka akwai yiwuwar ki kwana a hanya.

Shi kuma by da kika ce ya ƙi zama, a gaskiya shi ne ya fi kowa zama wuri ɗaya. Kujerarsa ta biyu ce a jimla, sauran kalmomin ne ke zagaya shi. Prišla by som. Ja by som prišla (ja, wato ni). Zajtra by som prišla (zajtra, wato gobe). Ko me ya zo farko, shi ne na biyu, som na biye da shi, in akwai "sa" ko "si", ƙananan kalmomin da ke tafiya da wasu aikatau (wannan "si" ba ta kai ko ke ba ce), su zo bayansu: Rada by som sa opýtala, wato "ina so in yi tambaya".

Za ki ci karo da wata doguwar siga ta abin da ya riga ya kuɓuce: Keby som bola vedela, bola by som prišla, "da na sani, da na zo". Ki gane ta in kin gani, amma kada ta hana ki barci yanzu. A hira ta yau da kullum mutane kan gajarce ta su ce keby som vedela, prišla by som.

Gargaɗi ɗaya game da intanet. Harshen Cak da na Sulobak 'yan ɗaki ɗaya ne, ƙasashen ma a haɗe suke har zuwa 1 ga Janairun 1993, kuma darussan Cak sun fi yawa. In kika ga bych ko kdybych, kin shiga gidan maƙwabta, naku by som ne da keby som. Shafin slovake.eu kyauta ne, haka ma darasin e-slovak na cibiyar Studia Academica Slovaca da ke Jami'ar Comenius a Bratislava. Ki riƙe ɗaya ki gama shi, ya fi ki tara manhaja biyar a waya.

Tunda asibiti kika dosa, ki yi atisaye da maganar asibiti. By ne ke tausasa umarni: Mohli by ste si ľahnúť? yana nufin "ko za ku ɗan kwanta?", da jam'in girmamawa irin namu. Ak vás bude bolieť hlava, zavolajte sestru, "idan kanku ya yi ciwo, ku kira nas". Kalmar sestra asalinta 'yar'uwa ce, kamar dai yadda ake kiran nas "sista" a asibitocinmu.

Kullum da dare ki rubuta jimla uku da "idan", uku da "da ... da", da Hausa, a kan abin da ya same ki ranar, sannan ki juya su. Ki faɗe su da ƙarfi, kunne ma yana da nasa karatun. Gobe kuma ki koma wurin mai burodin nan ki ce mata chcela.