Amsa ga Maman Yaron da Ya Fi Ajinsa a Makka

Yaya, kin ce ɗanki yana aji uku, ya gama littafin lissafi tun kafin zangon farko ya ƙare, yanzu kuma malami na ƙorafin surutu. Ba rashin kunya ba ne, zaman banza ne ya gundure shi. Nawa ma haka ya yi, kullum yana zane a bayan littafi.

Ki fara da Mawhiba, gidauniyar masu hazaƙa da aka kafa a 1999. Suna gwajin basira tun daga aji uku, amma ki duba sharaɗin takardun zama ɗan ƙasa tukuna. Ki kuma tambayi shugaban makaranta maganar tsallaken aji. Ni dai ban yi gaggawar canza makaranta ba, na sa nawa hadda bayan La'asar, sai ya natsu.