Camry, Accord ko Corolla? Kafin ka zaɓa, ka leƙa lagireto

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye wajen Gumel. Na sayar da riɗin bana da bijimi ɗaya, na haɗa da kuɗin adashi, ina so in sayi 'yar mota ta kai iyali asibiti da zuwa Kano. An nuna min guda uku duk na hannu: Camry fensir ta 2000, Accord EOD ta 2004 mai V6, da Corolla ta 2005 wadda ta ɗan fi ƙarfin kuɗina. Dillalin ya ce in ɗauki Accord ɗin don an riga an cire mata tamostat (ƙarfen da ke daidaita zafin inji) an haɗa fanka dairek, tana juyawa ba tsayawa, wai ta saba da zafin Arewa. Wallahi tsoro nake ji, in na yi kuskure ba ni da wani bijimin.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka. Bari in fara da mai sauƙin. In har za ka iya ciko, Corolla ce, injinta 1.8 ne mai sarƙar taimin (abin da ke daidaita juyawar sassan inji) ba belt ba, ba ta shan mai, kuma kayanta ko a Gumel za ka samu balle kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. In cikon ya gagara, kar ka ci bashi, ɗauki fensir ɗin. Injin 2.2 ne mai haƙuri kamar jaki, sai dai belt ɗin taimin ne da ita ba sarƙa ba, ka sake shi ranar da ka saya don ba ka san yaushe aka taɓa shi ba. Accord mai V6 ta 2003 da 2004 kuwa giyarta otomatik an san ta da ciwo, ga boljoyin ɗin gaba (mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya) da in an yi sakaci taya ke ficewa ana cikin tafiya, ga shan mai, man kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. A burji da yashin wajenku ba motar mai albashin firamare ba ce.

To yanzu maganar da ta sa na zauna rubutu, wato tamostat. Malam, abin da dillalin nan ya kawo maka a matsayin ado, aibi ne. Kullum sai an shigo min gareji da wannan zancen, wai tamostat na ƙasar sanyi ne, Bature ya sa don ƙanƙara. Haba jama'a! Wanda ya je Umra ya ga Camry nawa ke yawo a Makka da Madina, da tamostat ɗinsu suke, zafin can kuma bai gaza na Maigatari a watan Afrilu ba. Shi wannan ƙarfen ƙofa ce kawai, yana tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki da zafinsa, ba da sanyi ba. In ka cire, da asuba a lokacin hunturu sai ka yi tafiya mai nisa injin bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar motar tana ganin sanyi sai ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda, filogi ya yi baƙi, ring ɗin fistin ya ci, bayan shekara ka ga hayaƙi a salansa kana cewa sammu aka yi maka.

Amma abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Ba wanda yake tashi haka kawai ya cire tamostat. Sai mota ta fara hitin, a kai ta wajen wani yaro da ya yi wata shida a gareji ya buɗe nasa a gindin darbejiya, maimakon ya nemo dalili, ko lagireto ne ya toshe, ko famfon da ke zagaya ruwan inji ya mutu, ko gasket ya ƙone, sai ya zare tamostat ya jefar, ya yanke waya ya haɗa fanka da makulli, ya karɓi kuɗinsa. Ciwon yana nan, an dai rufe masa baki. Shi ya sa duk motar da aka ce maka an yi mata haka, ka ɗauka ta taɓa tafasa, mai ita kuma yana neman wanda zai sauke wa kaya. Fankar ma da ke juyawa ba hutu, ɗan injin da ke juya ta ƙonewa yake yi, ranar da ta tsaya kuma a tsakiyar gosulo ɗin 'Yankaba za ta tsaya.

Sai kuma ruwan rijiya da ake ɗurawa a lagireto. Ka duba cikin butar shayin gidanka, wannan farin dattin da ke kamawa, shi ne yake toshe lagireto, ga tsatsa a kai. Ruwan kulan mai launi, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ba kwalliya ba ce, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa.

Don haka ranar dubawa ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma ka je da sassafe ka ce kar a tayar da motar kafin ka iso. Taɓa injin ka ji sanyi, sannan ka buɗe murfin lagireto (da zafi kar ka kuskura, na ga fuskar da ya ƙona). In ruwan ya yi datti da launin tsatsa, ko ka ga maiƙo a sama, ko murfin baƙin mai ya yi kumfa kamar kunun gyaɗa, ka yi sallama ka tafi. Murɗa makulli, in fanka ta tashi nan take alhali AC a kashe, an taɓa ta. Ka tayar, ka bar ta minti goma sha biyar, allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya nan. Lambar kilomita kar ma ta ruɗe ka, juya ta ake yi.

Takardun kwastan kuma ka gwada lambar shasi da idonka, harafi da harafi, da wadda ke jikin motar. Sannan kar ka zazzage aljihu gaba ɗaya, ka rage na taya, baƙin mai, belt, da sabon tamostat in an cire wa wadda ka zaɓa.