Kyanwa ta ƙi cin abinci: jira ko asibiti?

'Yar'uwa, kin ce kyanwarki ta kwana biyu ba ta ci komai ba, kina tunanin ko ki ƙara jira. Kar ki jira. Kyanwa in ta daɗe da yunwa kitse kan taru a hantarta, musamman mai ƙiba. Amma ba lallai sai babban asibiti ba. Fara kai ta wurin likitan dabbobi na kusa ya auna zafin jikinta, ya ɗebi jini in da buƙata. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ki gaba. Ɗaga leɓenta ki duba: in dasashinta ya yi fari fat, ko tana numfashi baki buɗe, a garzaya da ita ko da tsakar dare ne. Don Allah kar ki ba ta farasitamol, yana kashe kyanwa.