Da gaske ne an taɓa yi wa Sistoci kulle?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A asibitin mishan na haifi 'yata ta fari, Sistoci ne suka karɓi haihuwar. Ƙanena ya ce a da ko ƙofar gida ba sa leƙawa. Gaskiya ne?
Mai karatu daga Jos

Amsa: 'Yar'uwa, ƙaninki ya yi gaskiya. A 1563, babban taron shugabannin Katolika a garin Trent, da ke Italiya a yau, ya tsananta kulle a kan duk macen da ta ɗauki alkawarin zaman zuhudu. Ba ta fita sai da izinin bishop. Ko mahaifiyarta ce ta zo, ta bayan tagar ƙarfe za su gaisa. Kaya kuwa a kan wani akwati mai juyawa cikin bango ake ɗorawa, mai bayarwa bai ga mai karɓa ba.

Wasu da zuciya ɗaya suka shiga. Teresa ta Avila, a Sifen, da kanta ta buɗe gidan zuhudu mai tsauri a 1562.

Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda aka tura. A Italiya ta lokacin, uban amarya ne ke haɗa ta da dukiya mai yawa, abin ya fi kayan ɗaki da gara nauyi nesa ba kusa ba. Kuɗin shiga gidan zuhudu kuwa bai kai wannan ba ko kusa. Sai mai 'ya'ya mata da yawa ya aurar da ɗaya ko biyu, sauran ya miƙa su. Arcangela Tarabotti, 'yar birnin Venis, tana ɗingishi, shi ya sa aka ga aurar da ita zai yi wuya. Tana yarinya aka kai ta gidan zuhudu na Sant'Anna, a can ta rasu a 1652, bayan ta yi rubuce-rubuce masu zafi kan zaluncin iyaye maza. Alhali taron Trent ɗin ya haramta tilasta wa mace shiga, ya kuma hana ɗaukar alkawari kafin shekara 16.

Irin Sistocin da suka kula da ke, da dabara aka buɗe musu hanya. A 1633, a Paris, Fada Vincent de Paul da Louise de Marillac suka tara 'yan matan ƙauye don jinyar talakawa gida-gida. Ba a kira su masu zuhudu ba, alkawarinsu ma na shekara guda ne, ana sabuntawa. Da haka dokar kulle ba ta hau kansu ba.